Igiyar Awon Rijiya

Ƙanshin jiƙaƙƙiyar igiya har yau yana tsayar da ni. Ko a kan kabu-kabu nake a tsakiyar Maraɗi, in na gifta masu ɗiban ruwa, sai zuciyata ta koma Jiratawa, bakin rijiyar kakana.

Ina saurayi ɗan lakwal wata malama mai binciken ruwa ta shigo ajinmu. Ƴan sa-kai take nema, waɗanda za su riƙa auna rijiyoyin garuruwansu don a gane ko ruwan ƙarƙashin kwarin Gulbi janyewa yake yi. Ba ko sisi a ciki, amma ni da son a sani sai na ɗaga hannu. Ai ina da rijiya: wadda Kaka ya haƙa da hannunsa a garka, mai shayar da albasar da ke ciyar da gidanmu. Aka ba ni igiya mai ƙarfe a baki. Duk ƙarshen mako in zura ta har in ji ƙarfen ya taɓa ruwa, in ɗaure wurin da zare.

Kaka bai so abin ba. Ka san a wajenmu, in mutum ya rasu, da karan dawa ake auna tsawonsa a kai wa masu haƙa kabari.

"Kai ja'iri, mi rijiyata ta yi maka?" in ji shi. "Gawa ake aunawa, ba mai rai ba."

"Tsoho, ko tsoro kake ji in auna ka?" na ce. Ya kai mini sanda, na goce muna dariya.

Da rani ruwan ya sauka, da damina ya hau, amma bai taɓa komawa zaren bara ba. Malama ta ce abin da yaran Tibiri suke kawo mata ke nan su ma. Ta gode mana ƙwarai, sai dai sani bai ƙara wa rijiya ko ɗigo ba. A hankali Kaka ya daina faɗa, ya koma tambaya: "Yau ina ta tsaya?" Wallahi na fi son faɗan.

Wata bazara na zura igiya, ban ji komai ba. Ƙarfen ya fito da taɓo. Kaka ya shafa shi da yatsa, ya koma gindin mangwaro ya zauna. Albasa ta bushe, shi kuma bai ga damina ba. Ranar da ya rasu, baffana ya miƙo mini karan dawa, ya ce, "Kai ka saba awo." Na karɓa, na auna shi.

Yanzu famfo mai hasken rana ya cika kwarin, kowa na zurfafa nasa. Ɗiyata ma ta shiga ƴan sa-kai, tana auna ruwan sama tana turawa ta waya. Ban hana ta ba, aikin kirki ne. Amma ran da ta zo da ma'auninta cikin wasa za ta gwada tsawona a jikin bango, na ce ta bari.