Ranar da Baba ya sa na kashe lasifika

"Kashe abin nan!" Haka Baba ya daka mini tsawa jiya a kasuwar Gashua, mutane suna kallo.

Shekara da shekaru yana sayar da maganin gargajiya, na basir da na shawara. Ni kuma da iyayina na je aka naɗa mana talla a lasifika don ciniki ya ƙaru. Har na sa aka ce maganinmu yana warkar da ciwon ƙoda, tunda shi ya addabi mutanenmu.

Na ce, "Baba, duk masu motocin magani haka suke faɗa, kuma ba wanda ya kama su."

Ya ce, "Na san hukuma ta hana, amma ba ita nake tsoro ba. In wani ya ji muryar nan ya daina zuwa wankin ƙoda saboda kwalbata, wa zai amsa a gaban Allah? Ni ko kai?"

Ban gama jin kunya ba sai ga wata mata daga Jakusko. Ta ji tallar, ta ce ƙafafun mijinta sun kumbura. Baba ya ce, "Baiwar Allah, ba ni da maganin wannan. Ki kai shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe."

Da hannuna na goge tallar. Wallahi ban taɓa alfahari da zama ɗan tsohon nan kamar jiya ba.

Ku fa, yaushe rabonku da ganin mai kaya ya kori ciniki da bakinsa?