Baba Mai Raga Ya Ajiye Guduma

Kafin mu buɗe shagunanmu Baba Mai Raga ya riga ya iso. Zai jingine kekensa jikin katanga, ya cire rigar fita ya rataye a ƙusa, ya saka shuɗiyar nan da tartsatsin walda ya huhhuje kamar rariya. Daga nan sai shara. Yakan share rumfar tas, ya tsince guntayen ƙarfe da hannu don kada su huda tayar wani, sannan ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ya ɗora bisa bulo, ya dafe gwiwoyi yana jiran ƙugunsa ya saki. A da ba ya wannan zaman. Ni da nake sayar da baƙin mai a shagon da ke kallon rumfarsa, a idona zaman ya fara, a idona kuma ya yi ta tsawo.

Sana'arsa ƙarama ce a ido. Ragar gaban mota yake yi, wato ƙarfen nan da ke tsakanin fitilu biyu, mai tare dutse da kara kada su fasa lagireto, ya kuma bar iska ta shiga ta sanyaya inji. Ba ta kowace mota ba, ta tsofaffin akori-kura, irin waɗanda kamfaninsu ma ya manta ya taɓa ƙera su. Idan ragar irin wannan mota ta karye, ko ka zaga kasuwar kayan gyara har takalminka ya tsinke ba za ka samu ba. Ƙarshe dai a ce maka, "Je ka wurin Baba Mai Raga."

Da tambaya yake fara aiki. "Me kake ɗauka? Wace hanya kake bi?" Mai jigilar tsakuwa ya yi masa raga mai ƙananan ido. Mai hawan tudu da lodi ya jera masa sanduna a tsaye da tazara, don inji ya sha iska ya ƙoshi. Mai bin gonaki, inda ƙaiƙayi ke toshe komai, ya yi masa wadda ake cirewa a kakkaɓe a mayar. Sai bayan wannan ake zancen ado, kuma direbobi akwai son ado. Wani ya taɓa matsa masa lamba sai ya rufe gaban motarsa da faifan ƙarfe, ya rubuta sunan amaryarsa a kai. Baba ya ce, "Sunanta zai yi kyau, amma injinka zai dahu kafin ka kai gidan surukai." Ango ya ƙi ji. Sai Baba ya yanka haruffan sunan a jikin faifan, manya-manya, iska na ratsawa ta cikinsu. Har yau ana tsokanar direban cewa da sunan matarsa motar take numfashi.

Kai ne, Baba, mai ba tsohuwar mota fuskar shiga mutane. Kai ne ba ka taɓa yi wa motoci biyu raga iri ɗaya ba, don a cewarka ba su sha wahala iri ɗaya ba.

Amma sana'ar ta tsufa tare da mai ita. Akori-kuran da yake yi wa aiki suna ta ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, sababbin kuma ragarsu roba ce, in ta fashe a jefar a sayo wata. Wasu ranakun har rana ta raba bai taɓa guduma ba. Sai ido ya zo ya ƙara da nasa. Da farko ruwa yake yi, daga baya ya fara laluben magagarin da ke ajiye a gabansa. Babbar 'yarsa ta kai shi asibiti, likita ya ce hasken walda ya cinye mafi yawan ganinsa, in ya ci gaba ragowar ma za ta tafi. Ta san halin ubanta, don haka ba ta tsaya roƙo ba. Ta zo rumfar ta naɗe wayar injin waldar, ta tafi da ita gidan mijinta.

Ana cikin haka aka jawo motar Dogo. Dogo direba ne mai ɗaukar buhunan hatsi daga kasuwa zuwa injin niƙa, kuma Baba ne ya yi wa motarsa raga tun yana saurayi. Ciwo ya buge shi yana kan sitiyari, motar ta daki ƙarfen gada. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. 'Yan'uwansa suka ce a sayar da motar a matsayin ƙarfe. Matarsa, wadda muke kira Maman Tagwaye, ta ce ba da ita ba, da wannan motar ake ci a gidan, za ta koyi tuƙi. Ta kuwa koya. Makaniki ya ta da inji, ya sa lagireto, amma ya gaya mata gaskiya: hanyar kasuwa duk tsakuwa ce, in ta fita da gaban mota a buɗe ba za ta yi mako ba dutse zai huda shi.

Ina tsaye ta zo rumfar Baba, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, na san an hana ka aiki. Ban zo don in sa ka saɓa wa likita ba. Ka dai faɗa mini wanda zan je wurinsa."

Ya tashi ya shafa gaban motar daga fitila zuwa fitila, ya taɓa guntun tsohuwar ragar da ya rage a maƙale.

"Babu wanda zan tura ki wurinsa, 'yata. Waɗanda na koya wa duk sun koma yin ƙofa da taga. Bar ta a nan."

Ba walda ya yi ba. Sanyi-sanyi ya yi aikin, babu wuta, irin yadda ya ce ya ga ana yi yana yaro: ya yanka sanduna da zarto, ya huda su da abin huji na hannu, ya haɗa da ƙusoshin da ake dandaƙe kansu da guduma. Yatsunsa ne idonsa. Aikin da a da yake gamawa kafin la'asar ya ci makonni. Ya doki babban yatsansa har farcen ya fita. Yakan yi 'yan bugu kaɗan ya zauna yana haki, mu kuma daga shagunanmu mu yi kamar ba mu gani ba, don ba ya son a tausaya masa.

Labari ya kai wa 'yarsa. Ta zo a fusace, mayafi a hannu.

"Baba, so kake ka makance gaba ɗaya? Me likita ya ce maka?"

"Wuta ya hana. Bai ce komai a kan guduma ba."

"Dubi yatsanka!"

"Da ina iya duba shi ai da ban doke shi ba."

Ta tsaya tana kallonsa yana laluben ramin ƙusa. Can ta ɗaure mayafin a ƙugu, ta tsuguna ta riƙe masa ƙarfen. Tun daga ranar, in ta kai yara makaranta nan take wucewa.

Ranar da aka ɗaura ragar, Maman Tagwaye ta zo da mijinta a keken marasa lafiya. Mun taru. Raga ta yi ƙarfi, ta yi kyau, sanduna a tsaye da ɗan zanen ganye a tsakiya irin na tsohuwar. Sai dai duk mai ido ya ga ta karkata ta hagu. Baba ya bi ta da tafin hannu, a hankali, sai fuskarsa ta canza.

"Ta karkace," in ji shi. "A kwance ta. Ban taɓa sallamar aiki haka ba."

Maman Tagwaye ta dubi motar, ta dubi mijinta, ta ce, "Wallahi ba mai taɓa ta, Baba. Bar ta haka, ta yi kama da mai ita."

Sai muka ji wani sauti daga keken. Dogo ne yake dariya da rabin bakinsa, kafaɗa na rawa, hawaye na zuba. Matarsa ta ce tun da ya kwanta ba ta ji muryarsa ba sai ranar. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama sandar ragar ya girgiza, ba ta motsa ba. Baba ya koma ya zauna, ya ce, "To, shi ke nan." Da yamma ya tattara gudumominsa a buhu, 'yarsa ta tura masa kekensa, suka tafi a ƙasa. Bai sake buɗe rumfar ba. Motar kuwa tana nan tana jigilar hatsi, tagwayen suna makaranta.

Baba, ba a yi maka taro ba, ba a ba ka lambar yabo ba, ka tafi gida da ciwon ƙugu da ido mai hazo. Mun gode. Mun gode a madadin gidajen da tukunyarsu ta hau wuta saboda wata tsohuwar mota ba ta mutu a hanya ba. Allah ya huta gajiya, ya tsare maka ragowar ganinka, ya sa ka ci moriyar 'ya'yanka.

Ku kuma masu sana'ar hannu, ku riƙa tambayar mutum wahalarsa kafin ku ɗauki awonsa. Direbobin da ya yi wa aiki, kada ku jira sai an ce babu shi. Yana nan ƙofar gida da hantsi, a kan tabarma. Ku je ku gaishe shi. Ba zai gane fuskarku ba, sunanku ma wataƙila ya shige masa. Ku faɗa masa motar da kuke ja, zai tuna ku.