Nna Kashi da 'Ya'yan Ɓarauniya

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a Wuya ya san Nna Kashi. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don tun daga kan gada ake jin ta. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu, saboda haka ban taɓa neman labarinta ba, shi yake tsallako mini da kansa.

Tun tana yarinya take gaban murhun banda, sana'ar uwarta ce. Hayaƙi ya rine mata ido, kuma lallashi ba ya cikin abin da aka koya mata. Ta haihu, ta yi reno, 'ya'yan duk sun zama mutane, amma babu wanda zai ce ya tuna ranar da ta hura masa kunu. In yaro ya faɗi sai ta ce, "Tashi! Ƙasar da ka buga ma ba ta yi kuka ba." Mijinta Nda Jiya, tsohon mai fito, mutum ne mai sanyi, ya daɗe da gano cewa lafiyarsa tana cikin faɗin "to".

Abokiyar gabarta a duniya ɗaya ce, wata kyanwa mai ruwan toka da ke kwana a injin casar shinkafa na Tsado. Guntuwa muke ce mata saboda wutsiyarta. Takan laɓe sai Nna Kashi ta shiga ciniki, ta sure tarwaɗa mafi ƙiba, ta haye katanga ta ci a kan idonta. Itacen da aka jefe ta da shi, da an tara da ya dafa shinkafar biki.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ɓeraye suka baro gonaki suka tare a ɗakin ajiyar Nna Kashi. Tarko ya gaza, guba kuma ba a sa ta kusa da abinci. Wata safiya sai ga Nda Jiya da kwali a hammata, kwalin yana kuka.

"Mene ne wannan?"

"Masu gadi na kawo miki."

Ta leƙa. 'Ya'yan kyanwa ne biyu, ja da baƙi, ko tafiya ba su gama iyawa ba.

"Nda, tsufan ne ya fara taɓa ka? Ina fama da ɓarayi ka ƙaro mini wasu?"

"In sun girma za ki gode mini."

"To su ji da kyau, kai ma ka ji. Ɗakin ajiya ne wurinsu. Ba sa taka ɗakina, ba sa lasar kifina. Wanda bai kama ɓera ba ya kwana da yunwa."

Masu gadin suka shige bayan kwanduna suka ƙi fitowa, suka ƙi tuwon da aka ajiye musu, sai kuka kamar ana zare musu rai. Washegari ta shiga ɗauko kifi ta tarar da wata gafiya, wadda ta ninka su biyun a haɗe, zaune tana kallonsu kamar mai taya kaya a kasuwa. Ta kwashe su ta kai ɗakinta. Da na tambaye ta ta kan katanga sai ta ce, "Ba tausayi ba ne. Ba dai za a ci mini kifi kuma a ci mini masu gadi ba."

Daga nan gidan ya koma wani iri. Ta shimfiɗa musu zanenta a ƙarƙashin gado, ta ce ai dama ya tsufa, alhali da sallar bara aka ɗinka shi. Ta sa musu ɗankwalin da take ɗaurawa, wai don su san warin mai gida. Ita da ba ta shan nono, kullum tana bakin hanya tana jiran matan Fulani, ta dawo ta tsoma yatsa suna lasa. Ta hana Nda Jiya kunna rediyo, ta hana shi jan takalmi, tari ma sai ya fita waje. Jikoki in sun zo, daga ƙofa suke leƙe.

Ɗanta Gana, malamin makaranta a Minna, ya zo gaisuwa ya same ta tana zare ƙaya daga tsokar kifi tana hurawa. Ya tsaya da jaka a hannu.

"Nna, hurawa kike yi?"

"Da zafi."

"Mu fa da muka sha ƙunar baki?"

"Ku kuna da hannu. Sauke murya, jan yana barci."

A hankali suka saba. Suka fara fitowa tsakar gida, suna kokawa da igiyar guga, suna bin ta har gaban murhu. Ana cikin haka, wata rana tsaka sai ga Guntuwa ta diro daga katanga. Nna Kashi ta rarumi itace ta tare kifinta, amma ko kallon kifin ba a yi ba. Guntuwa ta wuce kai tsaye, ta lashe baƙin, ta kama shi ta ƙeya, ta haye da shi. Ba a jima ba ta dawo ta ɗauke jan.

Nna Kashi ta juya wajen mijinta, wanda ya duƙufa yana gyaran wata koma da ba ta yage ba.

"Nda, 'ya'yan wa ka kawo mini?"

"Ni dai a injin Tsado na samo."

"'Ya'yan ɓarauniya na ba zanena?"

"To."

Muka ce shi ke nan, Allah ya raba. Kafin la'asar sai ga ta a injin da kwali. Tsado ya ɗaga hannu ya ce, "Nna Kashi, rigimar uwa da uwa ce, ba ruwana." Ta kwaso su ta dawo. Da safe Guntuwa ta zo ta mayar. Haka suka yi ta jigila, ita ta bi titi da kwali, waccan ta bi katanga da baki, har masu shayi suka fara tambayar juna, "Yau yaran a gidan wa suka kwana?"

Nna Kashi ce ta sauko. Ranar na gan ta da idona, ta ajiye kan tarwaɗa a bakin ƙofar ɗakinta, ta juya baya tana ƙunƙuni. Guntuwa ta ci, ta shiga ta duba zanen, ta ga ya fi buhun injin laushi, ta miƙe ƙafa. Ba ta sake komawa ba.

Guntuwa ce ta gama da ɓerayen tas cikin ɗan lokaci. Satar kuwa ba ta bari ba: ta cinye rabonta, sannan ta sure na ciniki ta hau katanga, sai dai yanzu katangar gidansu ce. Masu gadin sun girma sun yi ɓul-ɓul, kuma har yau babu wanda ya ga ɗayansu da ɓera a baki. Jan ma ƙadangare yake tsoro.

Da matar Gana ta haihu, da ƙyar aka lallaɓa Nna Kashi ta tafi Minna suna. Ranar da ta isa ta bugo waya ta wayata, don Nda Jiya ba ya riƙe waya. Na kai masa har gida, zazzaɓi ya kwantar da shi. Muryarta ta cika ɗakin.

"Sun ci?"

"Sun ci. Ni dai jikin nan ne..."

"Ka zare ƙayar?"

"Na zare."

"Ita uwar tasu fa? Kar ka ba ta mai sanyi, ba ta so."

Ya miƙo mini wayar ya ja bargo. Ko kwanan suna ba ta yi ba, a motar yamma ta dawo.