Dokar Ƙwallon Waje da Sanarwar Gado Mahauci

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe safiyar Alhamis ta biyu bayan ƙaramar Sallar 2024. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kuna jin ana tsokanata da "Baba Ƙwallon Waje", kuna tayawa da dariya ba ku san mafarin ba. To ku gyara zama. Gara ku ji daga bakin mai ita.

Lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya ina aiki a wannan 'yar rediyo tamu ta Dogon Dutsi, aikina kuwa karanta sanarwa, abin da muke kira komunike: rasuwa, suna, ɗaurin aure, saniyar da ta ɓata, ranar allurar dabbobi. Wanda bai san aikin ba yana ganin ita ce ƙaramar kujera a gidan. Amma daga Lugu har Tibiri, in muryata, ni Arzika, ta ce wane ya rasu, ba wanda ke sake tambaya, sai dai a nemi abin hawa. Shi ya sa muke da doka guda: ba a karanta komai sai an tabbatar da shi daga wuri biyu. Ni ne ma mai koya wa sababbin shiga wannan doka, har da ɗaga yatsa.

Kafin in koma sanarwa, shekaruna goma na farko ni ke riƙe da shirin wasanni. Zamanin ne gidajen kallo suka fara bazuwa a ƙauyuka, mutane suna ganin Turawa na guje-guje ba su san inda aka dosa ba. Ni na zauna na warware musu. Na ce a Ingila ƙungiyoyi ashirin ne a babbar gasa, kowace tana karawa da kowace sau biyu, gida da waje. Nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya. Ƙarshen shekara ukun da ke ƙasa a kore su zuwa ƙaramar gasa, huɗun da ke sama su tafi gasar zakarun Turai. Can kuma, in an wuce wasannin rukuni, sai a koma fitar da juna, amma ba da wasa ɗaya ba. Wasa biyu ake yi, ka je gidana in je gidanka, ale da ratur in ji 'yan lokol, wato 'yan boko, sannan a haɗa ƙwallayen duka. In an haɗa an yi daidai, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ya wuce.

Wannan ta ƙarshe ita ce dokar ƙwallon waje, ita ce kuma abin taƙamata. Na saba cewa a iska, wanda ya ci tuwo a gidan abokin gaba ya fi wanda ya ci a ɗakin uwarsa. Maganar ta kama gari, har a tashar mota nakan ji ana maimaita ta. Wanda ya fi kowa riƙe ta kuwa shi ne Gado, wani mahauci mai balangu a bakin hanyar Dumega, mai son ƙungiyar nan ta Ingila mai riga ruwan sararin sama. Ba shirin da zai wuce bai bugo waya ba.

Da na bar wa wani matashin ma'aikacinmu, Nasiru, shirin, sai na bar kallon ma gaba ɗaya. Ido ya yi rauni, in na yi isha'i sai shimfiɗa. A raina kuwa ilimin yana nan inda na ajiye shi, kamar hatsi a rumbu.

Ran Alhamis ɗin na iso ƙarfe bakwai da rabi, zafi ya riga ya fara, na tarar da shugabar tasha, Madam Haɗiza, tsaye a bakin ƙofa.

"Baba Arzika, Nasiru ya tahi Doso, matarshi ta haihu. Ka riƙe muna emisiyon wasanni na ƙarfe takwas?"

Na ce, "Madam, wannan har sai an roƙe ni?" A raina na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Yau yaran nan za su ji yadda ake shiri.

Na buɗe littafin Nasiru. Ya rubuta cewa jiya Laraba ne wasa na biyu tsakanin ƙungiyar Gado da wata ta Sifen mai farar riga, wanda ya yi nasara ya shiga cikin huɗun ƙarshe. Wasan farko a Sifen an tashi uku da uku. Saura in san na jiya. Na leƙa wurin Isuhu, mai kula da na'urorinmu, mutumin da in ba kokowa ba bai san komai a wasa ba. Ya miƙo mini wayarsa mai fasasshen gilashi. Tabarauna na gida. Na hango manyan lambobi, ɗaya da ɗaya. A ƙarƙashinsu akwai wasu 'yan ƙanana kamar kiyashi, ban ko matso da wayar kusa ba.

Lissafin bai ɗauke ni numfashi biyu ba. An haɗa huɗu da huɗu. Ingila ta ci uku a Sifen, Sifen ta ci ɗaya a Ingila. Magana ta ƙare. Wuri na biyu? Ban nema ba. Me zan tambayi wani a kan dokar da ni na kawo ta wannan yanki namu na Arewa?

Jar fitila ta kama, na gyara murya, na yi sallama irin ta da. Na ce ƙungiyar Ingila ta wuce, ta Sifen ta tattara nata ya nata. Na ɗauko maganar tuwon nan na sake zubawa, ina jin daɗin kaina. Har na ƙara da cewa, "Gado mahauci na Dumega, in kana ji, yau gari naka ne." Sannan na ce a buɗe layin waya.

Wanda ya fara shigowa wani matashi ne mai shago a kasuwar Dutsi.

"Baba, pardon, wane mach ka kalla? An yi prolongasiyo, ƙarin lokaci ke nan, an yi penalti, 'yan Sifen sunka ci."

Na yi murmushi irin na malami. "Yaro, ka san dokar ƙwallon waje kuwa?"

"Baba, ai an soke ta tun 2021."

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Dariya na yi, a bakin mikro, duk Arewa na ji. Na ce, "Ɗana, doka ba rigar yayi ba ce da za a tuɓe. Tun ba ka san hanyar kasuwa ba nake faɗin wannan. Isuhu, ba mu na gaba."

Na gaba ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Na uku daga Kore Mairuwa bai ma yi magana ba, dariya kawai yake yi har da tari. Na ɗaga kai sai ga Madam a bayan gilashin studiyo, ta manna wayarta a jikinsa, ta buɗa 'yan lambobin nan da yatsu biyu har sun yi girman da makaho zai gani. Huɗu da uku, bugun fenariti. An yi ƙarin lokaci, an yi bugun, 'yan farar riga sun wuce.

Wallahi ji na yi kamar an zare kujerar daga ƙarƙashina. Bakina a buɗe, mikro a buɗe, ba abin da ya fito. Kusan shekara uku da soke dokar, duk yaron da ke gidan kallo ya sani, ni da ake kira masani ina kwance ina barci a kanta. Isuhu ya ce shirun ya kai a karanta Fatiha. Shi ya cece ni, ya sako kiɗa. Da kiɗan ya ƙare na dawo da wata murya da ban san tawa ce ba, na ce na yi kuskure, na ba matashin nan haƙuri, na bayyana cewa yanzu in an yi daidai ƙarin minti talatin ake yi, in ba a rabu ba sai fenariti, ƙwallon gida da ta waje duk nauyinsu ɗaya.

Madam ta kira ni ofis. Ku sani, wannan mata ni na koya mata riƙe mikro tana 'yar koyon aiki.

"Baba, wuri nawa ka duba?"

"Guda."

"Wa ya koya mani dokar wuri biyu?"

Na sunkuyar da kai. Na so ta daka mini tsawa, ko ta dakatar da ni mako guda, in ji na biya. Sai kawai ta ce, "Ni ba ni da abin da zan yi maka. Ka koma bakin aikinka."

Na ɗauka iyakar abin ke nan, a yi dariya kwana biyu a manta. Bayan la'asar sai ga Gado a kan babur, ƙura har gira, da wani shuɗin ƙyalle a dunƙule a hannu. Ya ƙi zama. A tsaye ya ba ni labari.

Ashe jiya a Dumega injin gidan kallo ya mutu daidai cikar minti casa'in, layin waya ma ya ɗauke. Aka fito ana gardama. Samari suka ce saura ƙarin lokaci, Gado ya ce ƙarya ne, wasa ya ƙare, a jira rediyo da safe. Da safe kuwa ba Nasiru ya ji ba, ni ya ji, har da sunansa. Bai tsaya jin sauran shirin ba. Ya ɗaura shuɗin ƙyalle a babur, ya zagaye gari yana oda, ya tsaya gaban shagunan samarin nan masu ɗage wando da suka musa masa yana yi wa kansa kirari, ya dawo ya ce duk wanda ya zo tukubarsa yau ya ci nama kyauta. Ana cikin ci layin waya ya dawo, kowa ya ga sakamakon gaskiya.

"Arzika, ni ban yi lokol ba," ya ce. "Abin da ka hwaɗi shi ne karatuna. Samarin ga sunka ce mani tsoho, duniya ta canza, ni ce musu duniya na iya canzawa, Arzika ba ya ƙarya. Gaban jikokina anka yi mani tafi. Mi za ni ce musu?"

Na ba shi haƙuri iya iyawata. Ya ce ba komai, ya ajiye ƙyallen a kan teburina, ya fita. Tun ranar bai sake bugo waya a wani shiri ba.

Bayan kamar mako uku ina zaune ina jera takardun sanarwar rana, sai na ji muryarsa a ɗakin karɓar baƙi. Mahaifinsa ne ya rasu. Ya kawo sanarwa don dangi na nesa, na Lugu da na can tsallaken iyaka, su san ranar sadakar bakwai. Na fito na yi masa gaisuwa, na miƙa hannu in karɓi takardar, tun da aikina ne. Bai sake ta ba. Ya dubi Madam.

"Madam, don Allah a ba wani ya karanta."

Ya juyo gare ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Ba hushi nika yi da kai ba, Arzika. Amma wanga ba balo ba ne, ba wasan ƙwallo ba ne, ubana ne. Ba ni son wani ya ji muryarka ya tsaya tambaya ko an duba."

Shekara goma sha ɗaya ina karanta rasuwar mutane, ba a taɓa karɓe takarda daga hannuna ba. Madam ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Nasiru ne ya karanta. Ina zaune a gefensa a studiyo, ya yi tuntuɓe a sunan kakan mamacin, leɓena yana motsi da sunan daidai, amma mikro ba nawa ba ne. Ran bakwai na hau mota na je Dumega na zauna a tabarma cikin masu gaisuwa. Gado ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini fura. Maganar rediyo ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba.

To ga abin da zan bar muku. A aikin nan ban taɓa ganin wanda abin da bai sani ba ya kayar, don wannan kowa yana tashi ya tambaya. Abin da ka sani tun da daɗewa, wanda aka yabe ka a kansa har ka daina dubawa, shi ke jiranka a bakin mikro. Masu saurarenmu kuwa ba sa raba mana magana gida-gida, su ce wannan ta wasa ce, wannan ta mutuwa. Murya ɗaya suka sani.

Shuɗin ƙyallen nan da kuke gani ɗaure a hannun akwatin teburina, wanda wata cikinku ta so ta goge na'ura da shi, na Gado ne. Nakan taɓa shi kafin in shiga studiyo, sannan in ɗauki waya in kira wuri na biyu. Bara Gado ya aurar da 'yarsa, ya kawo sanarwa da kansa. Ina zaune, muka gaisa da fara'a, ya tambayi iyali. Sannan ya tambaya ko Nasiru yana nan.