Datti Mai Carbin Yusur

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1438, aka sallace ka a Harami bayan La'asar, Alhaji Datti. Ina cikin sahu, amma har yau ban san ko a matsayin aminin da ka yafe wa na tsaya ba.

Shekara talatin shagunanmu na jingine da juna a unguwar Hindawiyya. Kai kana feƙe carbi da yusur, baƙin murjanin nan na Bahar Maliya, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Alhazan Kano da Damagaram sun san bencinka: wanda ya ɓata ka raka shi masauki, wanda carbinsa ya tsinke ka ɗaure masa kyauta, har da shayi.

Ni ne na fara sauke kwantenar carbin roba daga ƙasar Sin a tashar Jidda. Jiragen ruwansu sun yi yawan da kaya ba ya yankewa, ga araha. Cikin shekara uku injinka na feƙa ya yi shiru. Na daina haɗa ido da kai, sai ga ka da kanka ka shigo shagona.

"Awwalu, ka hutar da teku," ka ce. "Masu nutso sun ce yusur ya kusa ƙarewa. Halas, shi ke nan, gara robarka."

Na yi murna, wallahi, na riƙe maganar nan shekaru. Amma bara muka je bakin teku a Shu'aiba shan iska, ka ga roba ta rufe gaɓar ruwa. A hanyar dawowa rediyo na labarin yadda ake tone murjani a wani teku mai nisa don a gina wa jiragen yaƙi tsibiri. Ka kashe rediyon, ka ce, "To me muka hutar ke nan?" Daga nan ba ka ƙara tayar da zancen ba. Na yi ta niyyar tambayarka ko ka janye yafiyar, ina cewa sai gobe.

Da na je gaisuwa, 'yarka Saudatu, mai kirana Ammi, wato baffa, ta ce, "Ammi, carbin shagonka ne a hannun Baba lokacin da ya cika, koren nan na roba."

Na ce, "Shi ya nema?"

"Wallahi ma adri, ban sani ba. Ƙila shi ne mafi kusa da gadon."

Datti, na rasa yadda zan ɗauki wannan. Wata kwantenar tana kan ruwa yanzu haka, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba matarka Hajiya Maryama da Saudatu haƙurin rashinka. Ya Allah, idan da haƙƙinsa a wuyana, Ka sanar da shi cewa na zo tambaya, na tarar ya tafi.