Ranar da Safiya ta hana Inna magana

Safiya ta yi shekara goma sha huɗu tana aikin jinya a Gyadi-Gyadi kafin ta ajiye saboda 'yarta Ummi. Yarinyar na da sikila, a zango ɗaya sai ta yi mako biyar a kwance. Da karatun ya ƙi gaba, Safiya ta cire ta daga makaranta, ta kafa allo a falonsu na Tarauni.

Koyarwarta irin ta asibiti ce, komai da lokacinsa. Ƙarfe takwas lissafi, ƙarfe goma tarihi, sunayen sarakuna da shekarunsu. Ummi ta haddace yau, gobe ta manta.

Mahaifiyar Safiya, Inna Bilkisu, a gidan take. Da an fara tarihi sai ta jawo tabarma ta sa baki, ta kawo labarin gonar mijinta da yanzu ta zama gidaje, da shekarar da fari ya sa suka sayar da jakinsu. Ummi takan ajiye biro ta saki baki.

Rannan Safiya ta gaji. "Inna, don Allah ki bari sai mun tashi. Wannan ba ya fitowa a jarrabawa."

Inna ta ce to, ta koma ɗakinta. Ba ta ƙara leƙo darasin ba.

Lissafi ne ya fara sauya Safiya. Wata safiya tana raba ƙwayar magani biyu, Ummi ta ce idan aka sake raba kowanne, huɗu za su tashi guda ɗaya. Alhali sun shafe wata guda suna fama da wannan a allo ba ta gane ba. Daga nan lissafi ya koma kicin, ana yinsa da kofi da mudu, yarinyar kuwa ta kama gudu.

Bai zo wa Safiya ba cewa tarihi ma haka yake so sai bayan shekara. Lokacin Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, harshenta ya yi nauyi. Safiya ta zaunar da Ummi gabanta da littafi, ta roƙe ta labari. Inna ta yi ta ƙoƙari, ba su tsinci ko kalma ba. Da damina ta rasu.

Ummi tana sakandare a Darmanawa yanzu. Safiya na koyar da yaran maƙwabta uku, duk Alhamis sai ta tura su wajen kakanninsu da tambaya. Ita kuwa Safiya, ko sunan ƙauyen da tata kakar ta fito ba ta da tabbas.