Hoton Kaka a Bakin Rumbu

Shekarar da na gama jami'a ce, in ban manta ba, kakana ya yarda a ɗauke shi hoto. Sau ɗaya tak, in ji shi, bayan an sauko daga Juma'a, a bakin rumbunsa, cikin farar babbar riga. Bai taɓa yarda ba, ga shi jiki ya fara rauni. In hoton ya lalace, na san ba za a sake ba.

Na je Tsanyawa na samo wani dattijo mai kyamarar fim. Na miƙa masa fim ɗin da na sayo a Kano, wanda mai shago ya ce baƙinsa baƙi wuluk, farinsa fari fat.

Ya jujjuya kwalin ya maido mini.

"Ɗan boko, wannan ai mai zafin rai ne. Ka ƙara masa haske kaɗan, rigar ta koma takarda. Ka rage, fuskar Baba ta koma gawayi. Wanne ka zaɓa?"

"Amma Malam, in an auna hasken daidai fa?"

"Daidai da wa? Da rigar ko da mai rigar?"

Ya sa nasa fim ɗin, wanda ya kira mai haƙuri. Yadda na fahimta daga baya, kuma mai yiwuwa ban kamo duka ba, fim ɗin da ke tsananta bambancin duhu da haske ba ya yafe kuskure. Mai sassauci kuwa, ko an ɗan zarce ko an ɗan gaza, yana riƙe duka biyun.

Ranar, rana ta take. Mai hoto ya roƙi Kaka ya matsa inuwar darbejiya.

"Rumbun za ka ɗauko min can? Ku yi ku gama, ni ba barkono ba ne da za ku shanya."

Mai hoton ya yi dariya, ya kalli sama, ya kalli bayan hannunsa, ya murɗa wani abu a jikin kyamarar. Ya danna sau biyu, Kaka ya tashi.

Kusan mako guda fim ɗin yana Kano wajen wanki, ni kuwa ko tuwo ba na iya gamawa.

Da hoton ya zo, da farko raina bai so ba, don ba ya ɗaukar ido kamar na kalanda. Sai na matso da shi. Ga aikin wuyan rigar zare-zare, ga tsagar kumatunsa, har cikin inuwar rumbun ana ganin dami.

Kaka ya daɗe yana dubawa.

"To, ni ne," ya ce. "Kai wa kakarka ta adana."